Hadizatu Tana Gaishe Ki

Tun da ɗana ya saya mini wannan wayar da ake shafawa da yatsa, ban ƙara wuni ban ji labarin gida ba, kuma ban taɓa jin na yi nisa da gida kamar yanzu ba. Da safe ta yi ƙara, hoton jaririn da ban san uwarsa ba. Da hantsi ta sake yin ƙara, sanarwar rasuwa ce, an watsa wa kowa da kowa a lokaci guda, ga hoton mamacin yana murmushi cikin babbar riga. Babu mai cewa ki zauna tukuna, babu mai miƙo miki ruwa. Ka gama karanta mutuwa, ka shafa sama, ka tarar da wata tana tallan atamfa. Ina zaune a hawa na uku a unguwar Madain Fahd a nan Jidda, na'urar sanyi tana gurnani a bango, ƙofa a rufe, taga a rufe. Ɗana yana can Abhur yana tuƙa wa masu gida mota, sai ƙarshen mako nake ganinsa da kyau. Matarsa tana fita aiki. Jikokina in sun dawo makaranta ina yi musu Hausa suna mayar mini da Larabci, mu rabu kowa yana ganin ya yi ƙoƙari. Yawancin wunina ni da wayar ne, kuma ba ta san ni ba.

Da ba haka labari yake zuwa ba. Na zo garin nan ina amarya, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram wanda ko na faɗi sunansa ba za ku gane ba. Mijina ya riga ni zuwa, ya yi aikin Hajji ya zauna yana wanki da guga, ya koma ya auro ni. Ina son sa, ina son tafiyar, har rawar kai na riƙa yi wa 'yan matan garinmu. Muka sauka a Hindawiyya, a wani gida mai ɗakuna shida da tsakar gida ɗaya, mutanen Nijar da na Cadi a cakuɗe. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar gidan nan: kukan jirgin ruwa daga tashar teku, mai ruwa yana buga garwa a lungu, mai balila, dafaffen waken nan, yana jan murya, risho yana huci a ƙofar kowane ɗaki. Ga gumi. A garinmu zafi busasshe ne, nan kuwa ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Aikina taya mijina ne, in jiƙa, in cuɗa, in shanya fararen riguna a saman gida, da yamma in soya gujiya in ƙulla a takarda. Hannuwana suka yi fari fat don sabulu. Ban taɓa gunaguni ba, don akwai abin da nake jira.

Sau ɗaya a shekara takardar gida take zuwa, a hannun alhazai. Ba ta zuwa ita kaɗai. A tsakiyar ƙunshin kuka da daddawa ake cusa ta don kada ta ɓata, shi ya sa kafin a buɗe ta hancinka ya riga ya isa gida. Ni a lokacin ban san ko alif ba. Akwai wani dattijo a bakin lungunmu mai keken ɗinki, Malam Tela muke ce masa, shi ke karanta wa duk unguwar, shi ke rubuta amsa. In ka kawo takarda sai ya tsayar da keke, ya goge hannu a riga, ya sa tabarau, ya yi gyaran murya kamar zai hau mumbari. Ba ya gaggawa. Ya san shekara guda ka yi kana jiran abin da zai karanta cikin ɗan lokacin da shayi ke hucewa.

Takardun duk tafiyarsu ɗaya. A fara da sunan Allah, a yi gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Sai labarin damina, ko gero ya yi ko bai yi ba. Sai wadda ta haihu, wanda ya yi aure, rijiyar da ta rufta, saniyar da aka sayar. Daga nan sai a zo wurin da zuciyata take bugawa, wato jerin masu gaisuwa. Mahaifinki yana gaishe ki. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Yayanki Tanko, goggonki, liman, maƙwabta gida gida. Ina bin su da yatsu a cikin mayafi, in hannu ya cika in sake farawa. Yaran yanzu za su ce wannan ɓata takarda ne, me ya hana a ce kowa yana gaisuwa a huta. Ba su san nan ne asalin labarin ba. Wanda aka kira sunansa yana raye, yana lafiya, kuma ya taso ƙafa da ƙafa ya zo zauren malam ya ce a sa shi. A can ma haka suke yi da tawa. In ta isa, a tara mutane a ƙofar gidanmu a karanta da ƙarfi, kowa ya kasa kunne ya ji ko na tuna da shi.

A cikin jerin nan akwai suna ɗaya da ba ya zuwa shiru, sunan Kande. Ƙawata ce tun ba mu san ɗaura zane ba. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ita ma ta zube ta gefe ɗaya, ba wanda ya damu ya gyara. Tare muke zuwa rijiya, tare muke lugude a turmi ɗaya, ta jefa taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, ni in gwada ta faɗo mini a kafaɗa. Tana da wushirya, da bakin da ba ya barin kowa. Bayan maza huɗu aka haife ta, shi ya sa ake ce mata Kande, kuma ban taɓa jin wani mahaluki ya kira ta da wani suna ba, ko uwarta ko malam. Ranar da zan tafi kowa yana kuka yana yi mini nasiha, ita kuwa ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ke, ban ce ki aiko mini da zinariya ba. Ki dai riƙa sa sunana a takarda, ko da a ƙarshe ne, bayan kin gama gaida awaki." Na yi dariya har da hawaye, na rantse mata.

Ita ma ba ta taɓa fashi ba. Kowa gaisuwa kawai yake aikowa, ita sai ta tsaya a kan tsohon malamin garinmu har ya rubuta mata ƙari. Malam Tela ya kai wurin sai ka ga gemunsa yana rawa. "Kande tana gaishe ki, ta ce ko kin fara fari." Wata shekara, "Kande ta ce ko ruwan teku ya koya miki cafe taɓarya." Matan gidanmu har sun san ta. In alhazai sun fara sauka sai su ce, to, bari mu ji abin da Kande ta ƙunso bana.

A gidan akwai wata tsohuwa da muke kira Goggo. A nan Jidda aka haife ta, iyayenta da ƙafa suka zo, Hausarta cike da Larabci. Ita ce uwar duk wata baƙuwar amarya, ita ta koya mini cefane da yadda ake amsa wa Balarabe. Ita ce kuma ta koya mini sauraron takarda. Ta kan ce, "Ya binti, kada ki tsaya kan abin da aka karanta. Mutanenmu ba sa rubuta wa na nesa mutuwa, suna jin tausayi. Sunan kawai za su cire. Ki saurari wanda ba a kira ba." Kuma na ga gaskiyarta da idona. Wata 'yar Cadi a ɗakin kusa da namu haka ta san uwarta ta rasu, an karanta jeri an tsallake, ta ɗora hannu a ka tun kafin a kai ƙarshe. Ba wanda ya ce mata ƙila kuskure ne. Duk mun san ƙa'idar.

Shekarar da abin ya faru ina da cikin ɗana, ya tsufa, ƙafafuna a kumbure. Na kai takarda da hantsi, Goggo ta rako ni. Malam Tela ya buɗe ya ɗan yamutsa fuska ya ce, "Hannu ya sauya." A farkon takardar aka yi bayani, idon tsohon malam ya yi rauni, ɗansa da ya dawo daga karatu shi ke rubutu yanzu. Rubutu ne mai kyau, in ji Malam Tela, a miƙe kamar an ja da zare. Aka ce gero ya yi. Aka ce yayana ya yi aure, an kawo amarya daga wani gari, ba a faɗi sunanta ba. Sai jeri. Na ji an ce yayanki Usmanu, na ɗan tsaya kafin na tuna sunan yankan Tanko ke nan. Aka wuce goggo, aka wuce liman, aka bi maƙwabta. Can wajen ƙarshe ya ce, "Hadizatu tana gaishe ki." Na ce a raina amaryar ke nan. Ya karanta addu'ar rufewa, ya fara naɗe takarda.

Na ce, "Malam, ba ka gama ba."

Ya ce, "Na gama, 'yata."

"Sake karantawa."

Ya sake, a hankali. Na sa ya sake na uku. Na ce, "Malam, duba bayan takardar." Ya juya ta ya nuna mini, fari fat. Ya cire tabarau ya sunkuyar da kai yana wasa da zare. Goggo ta kama hannuna ta matse ta ce, "Halas, ya binti. Ki yi haƙuri. Yalla, mu je gida." Ban san yadda na tako lungun nan ba. Da la'asar mijina ya nemo alhajin da ya kawo saƙon, ashe shi mutumin birni ne, a tasha aka danƙa masa ƙunshin, bai san kowa a garinmu ba.

Na yi kukan Kande kamar yadda ban yi na kowa ba, har na iyayena daga baya. Na soya waina na raba sadaka. Bayan na haihu na yi arba'in, na matsa wa mijina ya kai ni Makka na yi mata umara, jariri a goye, ina dawafi ina kiran sunanta. Da lokacin amsa ya zo na so in rubuta ta'aziyya, Goggo ta hana. Ta ce, "Sun rufa miki don kina nesa. In kika nuna kin gane, uwarki za ta shiga damuwa ta ce kin sha wuya ke kaɗai. Ki bar su su ji daɗin sun ɓoye." Na ga hikimar maganar. Na zauna gaban Malam Tela ina jero sunaye yana rubutawa. Da na yi shiru ya ɗago, alƙalami a sama, ya ce, "Kande fa?" Na ce, "Ba a gaida mamaci, Malam." Ya rubuta addu'a ga duk waɗanda suka riga mu, irin wadda ake rufe kowace takarda da ita. Na ƙara da cewa a gaida amarya da kyau.

Shekara ta zagayo, takarda ta zo, babu Kande. Can ƙarshe, "Hadizatu tana gaishe ki, ta ce ta ji shiru." Na ce ikon Allah, wannan amarya akwai shisshigi, ba ta san ni ba ban san ta ba, har ta fara ƙorafi. Don kada a ce na raina matar yayana, na sayi kallabi mai ruwan ganye da kwalbar turare na ce a ba amarya. Wata shekarar kuma, "Hadizatu ta ce ko ta yi miki laifi ne." Nan fa raina ya ɓaci. Ni ina da zuciya, ban ɓoye ba, mijina ya sha fama da ita, Allah ya jiƙansa. Na ce wa Malam Tela, "Na ba ta kallabi, na ba ta turare, me kuma take so, in yanko mata teku? Kada ka amsa mata ko kalma ɗaya." Ya ce in dai sassauta. Na ce ba zan sassauta ba. Ta sake aikowa sau ɗaya, gaisuwa tsura babu ƙari. Daga nan sunan ya ɓace, na ce madalla, ta gaji.

Sauran kuma kun san yadda yake tafiya. Sunan mahaifina ya faɗi daga jeri, bayan shekara biyu na mahaifiyata ya bi, kuma duka biyun gaskiya ne, abin da ya ƙara tabbatar mini da maganar Goggo. Tanko bai yi tsawon rai ba, matarsa ta koma garinsu. Aka shiga zamanin kaset, muryoyin da ke ciki na yara ne da suka girma bayan tafiyata, suna gaishe ni da ladabi irin na wanda aka ce masa gaida wannan. Sannu a hankali su ma suka daina. Kullum muna cewa baɗi za mu je gida, kullum ga maganar iƙama, wato takardar zama, ga kafili, uban gidan da ya tsaya mana, bai sa hannu ba, ga tsoron in an fita ba za a dawo ba. Da hanya ta samu, wanda zan je dominsa ya ƙare. Goggo ta rasu, Malam Tela ya rasu, mijina ya rasu. Gidan Hindawiyya babu shi yanzu, na wuce ta wurin a mota ban gane ko lungun ba. Abin da ya rage mini gwangwanin madara ɗaya ne cike da takardu. Da tsufa ya zo na shiga karatun mata a masallacin unguwa har na iya haɗa baƙi, amma ban taɓa buɗe gwangwanin ba. Duk sallar da na yi kuwa, in na gama da iyayena, Kande ce ta uku.

Watan jiya, bayan la'asar, maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta buga ƙofa. Ta ce ga baƙuwa ta zo umara daga wajenmu, kwana uku tana bin matan da ke sayar da abinci tana tambayar matar mai wanki ta Hindawiyya. Mace ce da ta manyanta, da furfura a gefen kallabi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. Da ta buɗe baki na ga wushirya, gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Na kawo mata ruwa da dabino.

Ta ce, "Inna, sunana Hauwa'u, amma Jidda ake ce mini. Ni takwararki ce. 'Yar Hadizatu ce ni."

Na ce, "Allah sarki, matar Tanko. Ashe ke 'yata ce."

Ta ce, "A'a, Inna. Matar kawu Tanko ai Rabi sunanta. Hadizatu ta bayan gidanku. Wadda kuke ce wa Kande."

Na ce mata ta yi kuskure, Kande ba ta haihu ba ta rasu, tun ina da cikin ɗana. Ta dube ni kamar mai duba ko tsufa ya taɓa mini kai. Ta ce, "Inna, mu bakwai ta haifa. Bara ta rasu, bayan girbi."

Na'urar sanyi tana ta gurnaninta. Na dafa bango duk da a zaune nake. Jidda ta ci gaba a hankali. Ta ce sunan kakar Kande ta wajen uba aka sa mata, shi ya sa duk gidan ba mai iya furta shi, gari ma ya bi. Ɗan malam kuwa da ya karɓi alƙalami ya ce shi ba ya rubuta laƙabi, sunan da aka yanka wa mutum rago da shi, shi ne sunansa. Ta ce tun tana ƙarama take jin labarin. Duk shekarar da takardata ta iso, uwarta takan ajiye aiki ta je ƙofar gidanmu ta zauna daga gefe. Ta saurara har sunan ƙarshe. Sai ta tashi ta kaɗe zane ta ce, to, Allah ya ƙara mata lafiya, ta koma gida. Mutane suka riƙa cewa na zama Balarabiya, ta ce kada wanda ya ƙara faɗa a gabanta. Ta ga kallabi mai ruwan ganye a kan Rabi, ta yaba shi, ta ce ya yi mata kyau. Da ta haifi mace ta ce sunana za a sa.

"Da ciwo ya tsananta," in ji Jidda, "ta kira ni ta ce, in Allah ya kai ki garin sunanki, ki nemo ta. In tana raye ki gaishe ta. Ki tambaye ta me na yi mata."

Na tashi na shiga ɗaki na jawo gwangwanin daga ƙasan gado. Murfin ya yi tsatsa, da cokali muka ɓalle shi. Har yanzu da sauran ƙanshin daddawa. Na nemo takardun masu miƙaƙƙen rubutu, na shimfiɗa a cinya, na bi baƙaƙen da yatsa kamar yadda nake bin allo. Ga shi nan, a daidai gurbin da sunanta ya saba zama, bayan maƙwabta, kafin addu'a. Hadizatu tana gaishe ki. Ta ce ta ji shiru. Ta ce ko ta yi miki laifi ne. Wa zai tsaya a kan malam sai an rubuta masa ƙari in ba ita ba? Halinta ne tsaf a gabana, na ji shi da kunnena har sau uku, na ce kada a amsa mata ko kalma ɗaya.

Na ba Jidda labari tun daga farko, na Goggo da ƙa'idarta, na waina, na dawafi da goyo. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, na rasa kuka take ko dariya, ashe duka biyun ne. Ta ce, "Inna, umara kika yi mata tana can tana surfe?" Na ce wallahi. Ta share ido ta ce, "Da ta ji wannan, cewa za ta yi ki sake mata wata, waccan ta yi wuri." Muryar Kande ce sak. Nan na fashe, na yi kukan da ya sa jikata ta leƙo daga ɗaki tana cewa, "Esh fi, ya sitti?" wato me ya faru, kaka. Na buɗe baki in yi mata bayani, na ga sai na fara da mene ne sunan yanka, mene ne alkunya, me ya sa ake jiran takarda shekara guda. Na ce mata babu komai, ta koma ta rufe ƙofa.

Ba na ganin laifin Goggo, abin da ta sani ta koya mini, kuma sau da yawa gaskiya ne. Ba na ganin laifin ɗan malam. In na ce zan nemi mai laifi, a kan tabarmata zan same shi. Amma abin da ya fi ci mini rai ba laifin ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a garin nan ina jin ba ni da kowa da ya san ni tun ina yarinya, ashe tana nan, tana tashi da asuba, tana tsufa tare da ni, haƙoranta suna zubewa lokacin da nawa ke zubewa. Wayar nan ta shekara biyar a hannuna Kande tana raye. Da na ji muryarta ko sau ɗaya.

Na sake yi mata umarar, ɗana ya tura ni a keken marasa ƙarfi. Na yi niyya da Hadizatu yadda ya kamata, amma da aka fara zagaye bakina ya koma Kande, na bar shi, Allah ya san wadda nake nufi.

Ana gobe Jidda za ta tafi na sa aka sayo mini takarda da biro. Ban taɓa rubuta wasiƙa da hannuna ba. Na wuni a kai, baƙaƙen suna karkacewa kamar sawun kaza. Na fara da sunan Allah, na yi gaisuwa mai yawa. Ban sa labarin damina ba, nan ba a yin ta. Na rubuta, ba ki yi mini komai ba. Sannan na shiga jeri. Na san ba a gaida mamaci, ni na faɗa da bakina. Amma na ƙi gaida mai rai tsawon shekarun nan, bari in yi kuskuren ta ɗaya gefen. A gaida Kande. A gaida Kande. Layi ɗaya don kowace shekarar da ta zauna a ƙofar gidanmu, da waɗanda ta daina zuwa. Takardar ta cika shekarun ba su ƙare ba, na juya ta na ci gaba.

Da safe ta zo sallama da jakarta. Na naɗe takardar na cusa a tsakiyar ƙunshin dabino. Na ce kada ta ɗauki hotonta a waya, kada ta tura wa kowa. In ta isa ta tara 'yan'uwanta a ƙofar ɗakin uwarsu, a samu mai murya ya karanta da ƙarfi, kada ya yi gaggawa.

Ta ce, "To, Inna."

Har ta fara sauka na kira ta daga saman bene. Na ce, "Jidda, in mai karatun ya kai ƙarshe ya fara naɗewa, ki ce masa ya duba bayan takardar."